Saje ya faɗi awon tumbi: shin TRICARE na biyan kuɗin allurar rage ƙiba?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Kaduna ce, aure ya kawo ni jihar Texas a Amurka. Maigidana saje ne a rundunar sojan ƙasa, shekarunsa 34, shekara 11 ke nan yana aiki. Tun da ya ji ciwo a gwiwa ya rage gudu, sai jiki ya buɗe, yanzu kilo 98 yake, tsayinsa kuwa mita 1.75. Watan jiya aka yi musu awo ya faɗi, aka dakatar da ƙarin girman da yake jira. Yana son ya gwada allurar nan ta Wegovy ko Zepbound, amma wani dattijo da suke masallaci ɗaya, tsohon soja da ya haura 65, ya ce masa TRICARE, inshorar lafiyar sojan Amurka da iyalansu, ta daina biya, shi ma an yanke masa tasa. Yanzu maigidan na tunanin ya saya ta intanet da kuɗinsa a ɓoye, don kada maganar ta shiga fayil ɗinsa. Ni ma tun haihuwata ta uku nake fama da ƙiba. Don Allah da gaske an daina biya? In ba a daina ba, ta ina za mu bi?

Amsa

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara wa Saje lafiya, ya raya zuri'a.

Dattijon nan bai yi ƙarya ba, sai dai labarin kansa ya bayar, ba na maigidanki ba. TRICARE ba abu guda ba ce, rukuni-rukuni ce. Sojan da ke bakin aiki yana cikin TRICARE Prime, iyalinsa kuma suna Prime ko Select. Wanda ya yi ritaya har ya kai 65 ya shiga Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, shi ake mayarwa TRICARE For Life. Daga ranar 31 ga Agusta 2025 hukumar lafiya ta Ma'aikatar Tsaro, wato DHA, ta daina biyan maganin rage ƙiba ga 'yan For Life da wasu 'yan rukunai ƙalilan, ta bar shi ga 'yan Prime da Select da masu tsarin da ake biya wata-wata irin na dakarun ko-ta-kwana. Dalilin da ta bayar na doka ne. Asalin dokar TRICARE ta hana a biya maganin ƙiba idan ƙibar ce kaɗai cutar ko ita ce babbar matsalar, gyaran da aka yi bayan dokar kasafin tsaro ta 2017 kuma Prime da Select kawai ya buɗe wa ƙofa. An yi shekaru ana ba tsofaffin ba a tsananta ba, da kuɗin alluran suka yi yawa sai aka tuna da takarda. A ganina an yi musu ba daidai ba, don mutumin da ya fi shekara 65 ya fi saurayi buƙatar sauke nauyin da ke danne zuciyarsa da gwiwoyinsa, amma wannan magana ce ta 'yan majalisa.

Saje dai ƙofarsa a buɗe take. Kuma sojan da ke bakin aiki ba ya biyan ko sisi a kan maganin da aka amince masa, ko a kantin maganin bariki ya karɓa, ko aka aiko masa gida, ko a kantin gari da ke hulɗa da TRICARE. Ki kwatanta da farashin da kamfanin Novo Nordisk ya sa wa Wegovy a hukumance, wanda a 2025 ya haura dala 1,300 a wata, za ki ga abin da yake shirin yarwa.

Amma ba wai ya shiga ya ce a ba shi allura a miƙo masa ba ne. Akwai fom na neman izini kafin a ba da magani, wanda a can suke taƙaita sunansa da PA. Likita ne ke cikewa, ya tura wa Express Scripts, kamfanin da ke riƙe da harkar magunguna ta TRICARE. Tun sauyin 2025 kuma dole likitan ya zama na asibitin soja ko wanda ke cikin jerin likitocin TRICARE. Likitan manhajar waya da ba a san shi ba, takardarsa ba za ta wuce ba.

Abu na farko da fom ɗin ke tambaya shi ne BMI, wato a raba nauyi da tsayi sau tsayi. Ana son ya kai 30, ko kuma 27 idan akwai wata cuta da ƙiba ke ja, kamar hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini ko ɗaukewar numfashi cikin barci. Da alƙaluman da kika ba ni na Saje ya kama 32, don haka wannan ya wuce. Na biyu, shaidar cewa ya yi wata shida yana gyara cin abinci da motsa jiki bai kai gaci ba. Na uku, a nuna an fara gwada tsohon magani mai araha, yawanci phentermine, na wata uku, bai sauke kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ba, ko kuma akwai dalilin lafiya da ya hana a ba shi, kamar ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba. Ga mai kilo 98, kashi 5 ɗin kusan kilo biyar ne. Ana sabunta fom ɗin lokaci zuwa lokaci, saboda haka ku shiga shafin binciken magunguna na TRICARE, ku rubuta sunan maganin, ku sauke na yanzu, Saje ya tafi da shi a hannu ranar ganin likita.

A nan nake son ki tsaya da kyau, don a nan ne mutane ke faɗuwa. Agogo biyu ne ke tafiya, kuma ba sa jiran juna.

Agogon farko na rundunar ne. Dokar da sojan ƙasa suka daɗe suna aiki da ita, AR 600-9, ta sa wa namiji mai shekara 28 zuwa 39 iyakar kitse kashi 24 cikin 100. Wanda ya wuce sai a sa shi cikin shirin rage nauyi, a ɗaga masa tuta kamar yadda suke faɗa, ma'ana babu ƙarin girma, babu zuwa kwas, babu sabunta kwantiragi har sai ya sauka. Kowane wata za a auna shi, ana son ya sauke fam 3 zuwa 8, wato kimanin kilo ɗaya da rabi zuwa uku da rabi, ko kashi ɗaya na kitse. Wata biyu a jere babu ci gaba, kwamanda na da ikon fara shirin sallama. Kuma iskar da ke kaɗawa yanzu ba ta sassauci ba ce. Ranar 30 ga Satumba 2025 sakataren tsaro Pete Hegseth ya tara janar-janar a sansanin soja na Quantico ya caccaki ƙiba a cikin soja tun daga ƙananan dakaru har manyan hafsoshi. Ana kuma karkata ga awon ƙugu a kan tsayi, wanda sojan sama suka fara tun 2023, inda ake son ƙugu ya gaza kashi 55 cikin 100 na tsayin mutum. Ga mai tsayin Saje, ƙugun kada ya wuce santimita 96.

Agogo na biyu na inshora da na maganin ne. Wata shida na gyaran abinci, wata uku na phentermine, sannan in an samu izini, ita kanta Wegovy ba a fara ta da cikakken ƙarfi. Ana farawa da miligiram 0.25 sau ɗaya a mako, a ƙara duk bayan mako huɗu, sai bayan mako 16 ake kaiwa 2.4. Zepbound ma haka, daga 2.5 ake hawa a hankali, iyakarta 15. Wanda ya zauna yana jiran allura ta cece shi daga awon wata mai zuwa, ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya.

To dabarar ita ce a sa agogon farko ya yi wa na biyu aiki. Duk wanda aka sa cikin shirin rage nauyi ana tura shi wajen masanin abinci, ana rubuta awonsa na kowane wata. Waɗannan takardun su ne shaidar wata shidan da Express Scripts ke nema. Cibiyoyin kula da lafiyar jiki da ke manyan barikoki suna auna kitse da yawan abincin da jiki ke ƙonawa kyauta, duk ziyara kuma tana shiga rubuce. Ya kuma roƙi likitansa ya duba baya a MHS GENESIS, rumbun bayanan lafiyar soja. Tunda ya yi jinyar gwiwa, mai yiwuwa tun lokacin an rubuta nauyinsa, an ba shi shawarar ya rage, wannan ma abin dogaro ne. Abin da ba a rubuta ba, a wajen inshora ba a yi shi ba, ko da mutum ya shekara yana kwana da yunwa. Saboda haka fayil ɗin da Saje ke gudu, shi ne abin da zai fitar da shi.

In ya je, ya nemi a gwada jininsa, a duba suga da tayirod, wato gaɓar nan ta gaban wuya da ke tsara yadda jiki ke ƙona abinci. Idan yana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa, ke ce za ki fi kowa sani, ki faɗa masa ya nemi gwajin barci. A Disamba 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a yi amfani da Zepbound ga masu ƙiba da ke da wannan matsalar, kuma rashin barci mai kyau shi kansa yana ƙara ci.

Yanzu batun saye a ɓoye. Ki hana shi, da lallashi ko da rigima.

Shan maganin rage ƙiba da likita ya rubuta ba laifi ba ne a soja. Ɓoyewar ce ke zama laifi. Kowace shekara soja yana cike takardar binciken lafiya da ake tambayarsa magungunan da yake sha, in ya musanta alhali yana yi, ya yi wa hukuma ƙarya a rubuce, dokar soja kuma tana hukunta wannan. Phentermine ta fi haɗari, don tana cikin magungunan da gwamnati ke sa wa ido, ƙirarta ta yi kusa da amfetamin, har takan iya bayyana kamar shi a gwajin fitsari na farko. Kin san yadda ake kiran su gwajin nan ba zato ba tsammani. Mai takardar likita a fayil ba shi da fargaba. Wanda ya karɓi 'yan ƙwayoyi wajen aboki kuwa, sashe na 112a na dokar soja, mai hukunta shan ƙwaya ba bisa ƙa'ida ba, na jiransa, shekara 11 ta tafi a banza. An gudu daga gara an faɗa zago ke nan.

Su kuma alluran intanet, yawancinsu haɗin ƙananan kantuna ne da FDA ba ta tantance ba. An ƙyale su ne lokacin da ake ƙarancin na asali, hukumar kuma ta bayyana cewa ƙarancin ya ƙare, na tirzepatide, sinadarin Zepbound, a ƙarshen 2024, na semaglutide, sinadarin Wegovy, a Fabrairu 2025. Sukan zo a 'yar kwalba mutum ya zuƙa da kansa, an kuma sha kwantar da waɗanda suka kuskure lissafi suka yi wa kansu ninki. Ban da jabu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a Yuni 2024 bayan an kama shi a Amurka da Ingila da Birazil. Ki haɗa da shayin rage tumbi da 'yan'uwa ke cusa mana a jaka in mun je gida. An sha samun sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kayan, maganin da aka janye daga kasuwar Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ma'aikatar Tsaro na da jerin sinadaran da aka haramta wa soja, yana shafin Operation Supplement Safety, duk wani gari ko ƙwaya ya duba can kafin ya kai baki. Tiyatar rage tumbi ma kada ya yi tunaninta, TRICARE ba ta yi wa sojan da ke bakin aiki, wanda ya je ya yi da kansa yana iya rasa aikin.

Maganin kansa yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Hanjin mutum na fitar da wani sinadari mai suna GLP-1 bayan an ci abinci, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya kuma sa abinci ya jima a ciki. Semaglutide da ke cikin Wegovy kwaikwayonsa ne, amma mai daɗewa mako guda a jiki. Tirzepatide na Zepbound, wanda Eli Lilly ke yi, yana kwaikwayon sinadarai biyu. A babban gwajin da aka wallafa a 2021 masu Wegovy sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, a na 2022 kuma masu tirzepatide mafi ƙarfi sun sauke kusan kashi 21 a mako 72. Ga Saje, kashi 15 ya kusa kilo 15. Amma da aka bi sawun waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka sauke ya dawo. Ya shiga da sanin cewa tafiya ce mai tsawo, kuma in lokacin sabunta izini ya zo za a nemi shaidar ya sauke aƙalla kashi 5 ɗin nan.

Abin da ya fi damuna ga soja shi ne ba kitse kaɗai ke tafiya ba, tsoka ma tana bi. Ma'aikacin ofis ba zai lura ba, amma wanda za a gwada shi da ɗaga ƙarfe da jan kaya da gudun mil biyu zai gani a makinsa. Ya wuce awon ƙugu ya faɗi gwajin ƙarfi, ba a yi komai ba. Nan aikinki ne Malama. Tunda cikinsa zai riƙa cika da wuri, abin da zai fara ci ya zama nama, kifi, ƙwai, wake ko kindirmo, tuwo da shinkafa su zo daga baya, kaɗan. Ya ci gaba da ɗaga ƙarfe gwargwadon abin da gwiwar ta yarda. Soye-soye da maiƙo su ke tayar da tashin zuciya da amai, musamman makon da aka ƙara ƙarfin allura. Gudawa ko taurin bayan gida ma sukan zo su wuce. Ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa, ya zaga har baya, wannan na asibiti ne nan take, don yana iya zama matsarmama ko kumburin fankiriyas, gaɓar da ke daidaita sugan jini. Kuma a zafin Texas, mai atisaye da ba ya jin yunwa yakan manta da ruwa, ƙoda ce ke biyan bashin. Idan a danginsa akwai wanda ya yi wata irin sankarar tayirod, ya faɗa wa likita tun farko, don ba a ba su wannan allurar.

Sai maganar tura shi fagen aiki. Alluran a firji suke zama. Wegovy na iya yin kwana 28 a waje, Zepbound kwana 21, in zafin bai wuce digiri 30 ba. Wasu yankunan da ake tura soja suna da ƙa'ida a kan maganin allura da mai buƙatar sanyi, sai an nemi sassauci na musamman. Idan rukuninsu na kan layin tafiya, ya faɗa wa likita a zaman farko, don a zaɓi abin da ba zai tsare shi a gida ba. Azumi kuwa, malamai da yawa na ganin allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya shi, amma ni shawarata kada a fara ta ko a ƙara ƙarfinta cikin Ramadan.

In an ƙi amincewa da fom ɗin, kada ku karaya. Sau da yawa wani gurbi ne aka bari ba a cike ba, likita ya gyara ya sake turawa. Akwai kuma damar ɗaukaka ƙara a rubuce cikin kwana 90 daga ranar takardar.

Ke ma ƙofar a buɗe take, ko Prime kike ko Select, da sharuɗɗa iri ɗaya. Bambancin shi ne ke za ki biya wani kaso in a kantin gari kika karɓa ko aka aiko gida, 'yan gomomin daloli, a kantin bariki kuwa kyauta ne in suna da shi. Katin rangwamen da kamfanonin ke tallatawa ba ya aiki ga mai inshorar gwamnati, kada ki ɓata lokaci a kansa. Ba ki faɗi shekarun autanki ba. In kina shayarwa ki faɗa wa likita kafin komai, in kuma kuna neman ƙari, ana barin Wegovy wata biyu kafin ɗaukar ciki. Idan ƙwayar tazarar haihuwa kike sha, Zepbound na rage mata ƙarfi a mako huɗun farko da kuma mako huɗu bayan duk ƙarin da aka yi, sai a haɗa da wata hanyar.

Saje ya riƙe a ransa cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In ya cika shekara 20 ya yi ritaya zai ci gaba da Prime ko Select, amma ranar da ya kai 65 shi ma For Life zai koma. In kuma ya bar aiki kafin nan, yawanci TRICARE ɗin ce za ta tsaya, sai ya nemi ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA.

Ku gaishe mini da dattijon, ku isar masa da abu biyu. Idan yana da ciwon suga nau'i na biyu, For Life ba ta daina biyan Ozempic da Mounjaro ba, sinadaran kuma su ne dai na Wegovy da Zepbound, suna ne da abin da aka yi musu rajista suka bambanta, sai likitansa ya nema masa izini a kan sugan. Idan ba shi da shi, ya je asibitin VA mafi kusa ya tambayi shirinsu na rage nauyi mai suna MOVE!, don su ma suna ba da waɗannan magungunan ga wanda ya cika sharaɗinsu, kuma dokar da ta ɗaure TRICARE ba ta shafe su ba.